Birnin da ya mayar da ruwan kwata zuwa famfo: nazarin lamari daga 1957 zuwa 2023

Yanayin wurin

Birnin da wannan nazari ya shafa shi ne Windhoek, babban birnin ƙasar Namibiya, a kudu maso yammacin Afirka. Yana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700 daga matakin teku, hamadar Namib na yamma da shi, ta Kalahari na gabas. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 360 zuwa 370 ba a matsakaici, galibinsa kuma tsakanin Janairu da Afrilu yake sauka. Abin da rana da busasshiyar iska ke iya ƙafarwa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara kuwa ya haura milimita 3,000. Saboda haka duk ruwan da aka tara a dam, da rana ake raba shi, kuma sau da yawa rabon rana ya fi na mutane.

Rafukan da suka ratsa garin yashi ne zalla a mafi yawan shekara. Kogunan da ba sa ƙafewa duk suna can kan iyakokin ƙasar, Okavango da Kunene a arewa, Orange a kudu, kuma mafi kusa a cikinsu yana da tazarar wajen kilomita 700. Teku na yamma da tazarar wajen kilomita 300, ga hawan tudu a tsakani.

Maɓuɓɓugan ruwan zafi ne suka fara jawo mutane su zauna a wurin. Da gari ya girma aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, maɓuɓɓugan suka ƙafe. A 1933 aka gina ƙaramin dam a gefen gari, amma ba kasafai yake cika ba.

1957 zuwa 1968: ƙarancin ruwa da neman mafita

A 1957 abin ya kai maƙura. Damina ta yi gardama, jama'a sun ƙaru, rijiyoyin burtsatse kuma ana zuƙe su fiye da abin da ruwan sama ke mayar musu. Hukumar birnin ta taƙaita amfani da ruwa. A 1958 aka kammala dam na biyu, mai ɗaukar kimanin lita biliyan uku da rabi, tare da matatar ruwa irin ta gargajiya a gefensa. Ya rage zafi, amma shi ma da damina ya dogara, ga tururi na cin sa.

Ruwa ɗaya ne kawai a garin da ba ya jiran damina: wanda ke fita daga bandakuna da wuraren wanka da ɗakunan girki ya bi bututu zuwa ma'aikatar tace ƙazanta. Kullum yana zuwa, rani da damina, kuma yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar mutane. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Afirka ta Kudu, don haka cibiyar binciken ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Afirka ta Kudu da ke Pretoriya, ce ta haɗa hannu da injiniyoyin birnin, aka shafe shekarun farko na 1960 ana gwaji a ƙaramar matata ta gwaji.

Tun a wannan mataki aka yanke shawarar da ta zama ginshiƙin komai daga baya, wato raba ƙazantar masana'antu da ta gidaje. Ruwan da ke fita daga majema da mayanka da sauran masana'antu aka ba shi nasa bututun zuwa wasu tafkunan tacewa na daban. Dalilin a fili yake. Ƙazantar gida an san abin da ke cikinta, kuma ƙwayoyin halitta suna iya cinye mafi yawansa. Ta masana'anta kuwa tana ɗauke da gubar ƙarafa irin su kuromiyam na jima da sinadarai masu wuyar ruɓewa, kuma tana iya canzawa dare ɗaya ba tare da sanarwa ba.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa tun nan. An yi wannan aiki ne a zamanin wariyar launin fata, lokacin da mafi yawan mazauna garin ba su da ta cewa a kan yadda ake tafiyar da shi. Ba a yi ƙuri'ar jin ra'ayi ba. Hukuma ta yanke, aka aiwatar.

1968 zuwa 1976: matatar farko da matsalar amoniya

A ƙarshen 1968 aka mayar da matatar da ke gefen dam na biyu ta riƙa karɓar tataccen ruwan kwata, aka buɗe ta a hukumance a farkon 1969. Ita ce ta farko a duniya da ta riƙa zuba irin wannan ruwa kai tsaye cikin bututun ruwan sha na gari, ba tare da an fara sakin sa a kogi ko tafki ba. Abin da take iya samarwa bai kai lita miliyan 5 a rana ba.

Ruwan yakan fara bi ta ma'aikatar tace ƙazanta, ya kwana a manyan tafkuna na tsawon kwanaki inda rana da ƙwayoyin halitta ke rage cututtuka, sannan ya iso matatar. A nan ake zuba alif don datti ya dunƙule, a kwashe gansakuka da ta taso sama, a kaɗa kumfar sabulu a fitar, a zuba kulorin, a tace da yashi, a bi da shi ta cikin gawayin tacewa, wanda aka sarrafa ya zama mai ƙananan ramuka masu kama sinadarai da wari. Daga nan a gauraya shi da ruwan dam da na burtsatse.

Matsalar da ta fi ci wa ma'aikatan tuwo a ƙwarya ita ce amoniya, wadda ke fitowa daga fitsari da ruɓewar abinci. Kulorin ba ya yin aikin kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata sai ya gama cinye amoniyar da ke cikin ruwa, kuma kowane gwargwado ɗaya na amoniya yana cin gwargwado takwas zuwa goma na kulorin. Da zafi, gansakuka da ƙwayoyin tafkunan sukan rage amoniyar da kansu. Da sanyin hunturu kuwa, wanda a can yake faɗowa tsakanin Yuni da Agusta har raɓa ta daskare da dare, ƙwayoyin sukan yi sanyi, amoniya ta hau, kuɗin kulorin ya fi ƙarfin aikin. Don haka matatar ba ta yin aiki duk shekara. Lokacin da take tsayawa kuma shi ne tsakiyar rani, lokacin da ba a sa ran ko ɗigon ruwan sama.

A 1970 aka kammala wani babban dam mai tazarar kusan kilomita 70 a arewa, aka jawo ruwansa da bututu. Wasu biyu suka biyo baya kafin farkon shekarun 1980, aka haɗa su uku ana tura ruwa daga wannan zuwa wancan don a rage asarar tururi. Wannan ya sa a shekarun da aka samu damina mai kyau ba a matsa wa matatar ba.

1977 zuwa 1989: gyaran da bai yi ba, da wanda ya yi

A 1977 aka gwada hanyar da ake yayi a lokacin. Ana zuba laim, wato sinadarin farar ƙasa, da yawa har yanayin ruwan ya canza, amoniya ta koma iska, sannan a watsa ruwan cikin wata hasumiya ana busa masa iska don ta fice. A takarda hanyar ba ta da aibi, ga shi laim ɗin yana kashe ƙwayoyin cuta yana kuma kwantar da ƙarafa. A aikace haƙa ba ta cimma ruwa ba. Laim yana daskarewa a jikin bututu da hasumiya, sai an yi ta kankara. Yana barin taɓo mai yawa da dole a san inda za a kai shi. Mafi muni, fitar amoniya ta wannan hanya yana raguwa idan aka yi sanyi, wato a daidai watannin da aka kawo ta domin su. Kafin 1980 aka ajiye ta.

Abin da ya magance matsalar bai faru a matatar ruwan sha ba, a ma'aikatar tace ƙazanta ya faru. An inganta ta da tsarin da ake hura iska cikin manyan tankuna masu cike da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke juya amoniya zuwa naitiret, wasu kuma su juya naitiret zuwa iskar naitirojin ta tashi. Da ruwan ya fara isowa matatar da amoniya kaɗan, sai aikin ya sauƙaƙa, buƙatar kulorin ta faɗi, aka iya yin aiki duk shekara. A 1986 aka ƙara tsarin da ke cusa ƙananan kumfar iska cikin ruwa su ɗago gansakuka da dunƙulen datti sama a kwashe, wanda ya fi dacewa da ruwa mai gansakuka fiye da jiran datti ya kwanta ƙasa.

A tsakanin 1976 da 1983 likitocin wata cibiyar binciken lafiya ta Afirka ta Kudu sun bi diddigin cututtukan gudawa a garin, suna kwatanta unguwannin da ke samun gaurayen ruwan da waɗanda ba sa samu. Ba su ga wata alaƙa tsakanin shan ruwan da kamuwa da cuta ba.

1990 zuwa 2001: 'yancin kai, cunkoso da fari

Ƙasar ta samu 'yancin kai a 1990. Dokokin da suka hana baƙar fata zama a birni yadda suka ga dama sun riga sun faɗi, mutane suka kwararo daga karkara. Ƙidayar 1991 ta nuna mazauna kusan 147,000, ta 2001 kuma kusan 234,000. An yi ta faɗaɗa tsohuwar matatar har ta kai lita miliyan 7.5 a rana a 1997, daga nan ba ta da sauran wurin faɗaɗawa.

Farin tsakiyar shekarun 1990 ya kusa busar da dam ɗin uku. Gwamnati ta fito da shirin gaggawa na jawo ruwa daga Okavango ta bututu mai tsawon kusan kilomita 250 zuwa wata hanyar ruwa da aka riga aka gina. Maƙwabciyar ƙasa, Botswana, da masu kare muhalli suka nuna damuwa kan fadamar Okavango, wadda rayuwar dubban mutane da namun daji ta rataya a kanta. Ruwan sama ya sauka a farkon 1997, aka jingine shirin.

A wannan lokaci birnin ya juya ga rage buƙata. Aka kawo farashi mai hawa-hawa: litocin farko da gida ke buƙata don sha da girki da wanka suna da sauƙi, mai son shayar da ciyawa ko cika wurin ninƙaya ya biya da tsada. Aka hana ban ruwa da tsakar rana, aka wajabta rufe wuraren ninƙaya, aka ƙayyade girman tankin bandaki a sababbin gine-gine. Aka kuma shimfiɗa bututu na biyu da ke kai ruwan da aka tace rabi-rabi zuwa filayen wasa da lambunan gwamnati da maƙabartu, don kada a ɓarnatar da ruwan sha a kansu.

Wani abu da ya faru a nesa ya shafi tsarin sabuwar matatar da ake shirin ginawa. A 1993, a birnin Milwaukee na Amurka, wata ƙwayar cutar hanji mai suna kiriptosporidiyam ta kuɓuce wa matatar ruwa, wajen mutum 400,000 suka kamu da gudawa. Wannan ƙwaya tana da ɓawo mai tauri da kulorin ba ya iya fasawa a gwargwadon da aka saba zubawa. Masu tsara matatu a ko'ina suka gane cewa kulorin da yashi kaɗai ba su isa ba, balle ga matatar da ruwan kwata ne abin da take karɓa.

2002: sabuwar matata

Da rancen bankin raya ƙasashe na Jamus, KfW, da Bankin Zuba Jari na Turai aka gina sabuwar matata kusa da tsohuwar. Ta fara aiki a 2002, tana iya samar da lita miliyan 21 a rana. Aka ba wani kamfanin haɗin gwiwa, wanda kamfanonin ruwa na Veolia da WABAG ke ciki, kwangilar gudanar da ita ta shekara 20, mallaka kuma ta ci gaba da zama ta birnin.

Tsarin ya ginu a kan ƙa'ida guda: kowane irin haɗari sai an sa masa shinge fiye da ɗaya, kuma shingayen su zama masu aiki ta hanyoyi daban-daban, ta yadda abin da ya lalata ɗaya ba zai lalata ɗayan ba. Ruwa yakan fara haɗuwa da iskar ozon kaɗan, wato wani nau'in iskar oksijin mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan a zuba sinadarin da ke dunƙule datti, kumfar iska ta ɗago shi a kwashe. Sai tacewa ta yashi da gawayin dutse. Sai babban zubin ozon, wanda ke kashe bairos da ƙwayoyi masu ɓawo, yana kuma farfasa manyan sinadarai irin su ragowar magunguna su koma ƙanana. Waɗannan ƙananan su ne abincin bakteriyar da ke zaune a jikin gawayin tacewa na gaba. Abin da suka bari, gawayi na biyu ya kama shi. Daga nan a matsa ruwan ta cikin tantanin tacewa mai ƙofofin da suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A ƙarshe a zuba kulorin don ya tsare ruwan a cikin bututu, a daidaita shi don kada ya ci ƙarfe.

Idan aka ɗauki kiriptosporidiyam a matsayin misali, sai ta tsallake kumfar iska, ta tsallake yashi, ta tsira daga ozon, ta kuma ratsa tantani kafin ta kai famfo. Kowanne daga cikinsu yana rage ta ninki-ninki.

Bayan injina akwai sharaɗin kwangila, wanda a ganina nauyinsa bai gaza na injinan ba. An sa ma'auni a bayan kowane mataki, ba a ƙarshe kaɗai ba. Na'urori suna auna gurɓacewar ruwa da ragowar ozon da kulorin dare da rana. Idan wani mataki ya kasa cika ma'auninsa, ba a sakin ruwan zuwa gari, mayar da shi baya ake yi, kuma kamfanin yana fuskantar tara. Ɗakunan gwaji na birnin da wasu na waje suna ɗaukar samfur suna auna bairos da sinadarai. Sannan ba a barin tataccen ruwan ya wuce kashi 35 cikin ɗari na gaurayen da ke shiga bututu, a mafi yawan lokaci ma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne.

2002 zuwa 2023: abin da ya biyo baya

An tsara matatar ne ta riƙa karɓar gaurayen ruwan dam na biyu da na ma'aikatar tace ƙazanta. Cikin 'yan shekaru wannan lissafi ya rushe. Unguwannin da ba su da tsari sun mamaye yankin da ke zuba ruwa cikin dam ɗin, galibinsu ba bandaki ba magudana, bututun kwata kuma suna toshewa su yi ambaliya. Ruwa ba ya tsami banza. Ingancin ruwan dam ya faɗi har ya zama ya fi tataccen ruwan kwata wuyar sha'ani, saboda na kwata an san yanayinsa, na dam kuwa yana canzawa da kowane ruwan sama. Aka daina ɗibarsa, matatar ta koma dogaro da ma'aikatar tace ƙazanta kaɗai.

Matsala ta biyu gishiri ce. Duk lokacin da ruwa ya ratsa gidaje yakan ɗebo gishiri daga abinci da sabulu da jikin mutane, kuma babu matakin da ke cire narkakken gishiri a cikin waɗanda aka ambata. Tantanin da ke iya cire shi, irin wanda Singafo ke amfani da shi tun 2003 da kuma gundumar Orange ta Kalifoniya, yana zubar da kusan kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na ruwan a matsayin ruwan gishiri mai kauri. Garin da ke bakin teku yana da inda zai zuba shi. Wannan birni ba shi da shi, kuma ba shi da rarar ruwan da zai yi asara. Gaurayawa da ruwan dam da na burtsatse ne ke riƙe gishirin a ƙasa da iyaka, kuma wannan na daga cikin dalilan ƙayyade kason.

Daga tsakiyar shekarun 2000 birnin ya fara mayar da tsabtataccen ruwa cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyi a shekarun wadata, don a ɗebo shi a shekarun fari, a inda rana ba ta kai wa gare shi. A 2014 aka buɗe sabuwar matata ta musamman don ruwan masana'antu, wadda ruwanta ke tafiya ban ruwa.

Babbar jarrabawa ta zo da farin da ya faro a 2013 ya tsananta a 2015 da 2016, ya sake dawowa a 2019. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fari a 2016 da kuma 2019. Dam ɗin uku suka yi ƙasa ƙwarai, aka umarci jama'a da masana'antu su rage amfani da ruwa sosai, aka haƙa rijiyoyi masu zurfi cikin gaggawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da matatar ne suka riƙe garin, famfo bai ƙafe gaba ɗaya ba. A nan ne kuma iyakar tsarin ta fito fili: idan mutane suka tsuke hannu, ruwan da ke komawa kwata yana raguwa, wanda ya koma kuma ya fi kauri da gishiri da datti.

Ƙidayar 2023 ta nuna mazauna birnin sun kai wajen 486,000, wajen ninki biyu na lokacin da aka gina sabuwar matatar, ita kuwa tana nan a kan lita miliyan 21. An tsara gina ta biyu. Cikin shekaru fiye da 50, ba a danganta wata ɓarkewar annoba da ruwan matatar ba.

Hukunci

Abin da ya yi aiki a nan ba wata na'ura ɗaya ba ce. Sau biyu tarihin ya nuna cewa nasara tana farawa ne tun kafin ruwa ya iso matata: raba ƙazantar masana'antu a shekarun 1960, da gyara ma'aikatar tace ƙazanta bayan hasumiyar laim ta gaza. Dam na biyu ya nuna hakan ta ɗaya fuskar, domin da aka kasa tsare yankin da ke zuba masa ruwa, matata mafi inganci ma ta haƙura da shi. Bayan wannan sai shingaye masu yawa, sai kuma ikon dakatar da ruwa nan take idan ma'auni ya kauce. Garin da ba zai iya tabbatar da wutar lantarki a kai a kai ba, da ƙwararrun ma'aikata, da ɗakin gwaji mai faɗin gaskiya ko da ba ta yi wa hukuma daɗi ba, bai kamata ya taɓa wannan hanya ba, ko da an ba shi injinan kyauta.

Batun amincewar jama'a kuwa ba a nan za a koyi yadda ake fara shi ba, tunda ba a tambayi kowa ba a 1968. Amincewar ta samu ne daga baya, saboda mutane sun ga ƙishirwa da idonsu, sun sha ruwan shekara da shekaru lafiya, ana kuma kai ɗalibai da baƙi su zagaya matatar su ga aikin. A Toowoomba ta Ostireliya, inda aka tambayi jama'a a 2006 ana tsakiyar fari, wajen kashi 62 cikin ɗari suka ƙi. Ƙyama gaskiya ce a zuciyar mutum, kuma lissafin injiniya kaɗai ba ya kawar da ita. Garin da zai fara yau sai ya shafe shekaru yana bayani a fili kafin ya aza tubalin farko.

Abin da ya fi damuna shi ne dubban gidajen unguwannin da ba su da tsari, waɗanda ke ɗiban ruwa a famfon haɗaka kuma ba su da magudana. Su ne suka fi shan wahalar ƙazanta, kuma ruwan da suka yi amfani da shi ba ya komawa matata, cikin dam ɗin da aka daina sha yake ƙarewa. Kai musu bututun kwata zai kare lafiyarsu, ya ƙara wa matata ta biyu ruwan da za ta tace, ya kuma rage dattin da ke gangarawa cikin dam. Wannan aiki ya cancanci kuɗi da gaggawa daidai da ginin sabuwar matatar.